Makarantar Shata Ta Intanet A Amurka Da Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki

Jawabin da aka gabatar a taron iyayen yara na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan



Muna sanar da jama'a cewa kwamitin ilimi ne ya ɗora mana nauyin tsayawa gabanku yau. Dalili kuwa shi ne wata magana da ta yi yawa a unguwa, ana ta tura ta a WhatsApp, har ta kai wasu iyaye sun fara tambayar hedimasta ko za su iya cire 'ya'yansu daga aji. Maganar ita ce wai a Amurka yanzu yaro ba ya zuwa makaranta, daga rabin aji har ya gama sakandare yana ɗakin uwarsa da kwamfuta, gwamnati ce ke biya, kuma wai mu ma nan za a iya yi mana hanya. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, amma ɗan kasuwa ba ya sayen kaya a cikin buhu sai ya kwance bakin. Saboda haka muka zauna da yaranmu masu boko, muka tuntuɓi 'yan'uwanmu mazauna can, aka karanto mana abin da su Amurkawan suka rubuta a kan abinsu. Shi ne za mu gaya muku.

Da farko dai abin gaskiya ne, akwai shi. Sunan da suke kiran irin wannan makaranta da shi, shi ne kalmar nan da muka ara muke cewa shata, kamar yadda mutum ke ɗaukar shatar mota daga Sabo zuwa Kano. Wato gwamnatin jiha ce ke ba wasu mutane takardar yarjejeniya, ta ce ku buɗe makaranta ku gudanar da ita yadda kuka ga ya dace, ni zan biya ku a kan kowane yaro da ya shiga, iyaye ba za su biya ko kwabo ba, amma bayan wasu shekaru za a duba aikinku, in bai yi kyau ba a karɓe takardar. Jihar Minesota ce ta fara yin wannan doka a 1991, aka buɗe makaranta ta farko a garin St. Paul a 1992. Waɗannan na farko makarantu ne sosai, da gini da allo da ƙararrawa, kuma har gobe mafi yawan makarantun shata haka suke. Ba su muke magana a kai ba.

Wajen shekarar 2000 ne wasu suka ce, to tunda kan yaro ake biya, me zai sa a gina aji? Aka kafa kamfanoni musamman domin wannan. Babbansu shi ne K12, wanda aka kafa a 2000, cikin waɗanda suka kafa shi har da William Bennett, tsohon ministan ilimi a zamanin Shugaba Reagan. A 2020 kamfanin ya sauya suna ya koma Stride. Na biyunsa shi ne Connections Academy, wanda kamfanin littattafai na Ingila mai suna Pearson ya saye a 2011 a kan dala miliyan 400. 'Yan canji suna nan zaune, su lissafa mana a zuci. Mutum ba ya zuba irin wannan kuɗi a inda babu riba. Yadda ake yi kuwa, takardar shatar tana hannun wani kwamiti wanda a doka ba na neman riba ba ne, sai kwamitin ya ba kamfani kwangilar darussa da malamai da kayan aiki. Kun ga ke nan mai lasisi daban, mai mota daban.

In ka sa ɗanka, sai a aiko maka da kwamfuta da katan na littattafai har gida, wani wuri ma a taimaka maka da kuɗin intanet. Malami yana can wani gari, yana bayyana a fuskar kwamfuta a wasu sa'o'i, sauran lokacin yaro ne da darasin da aka riga aka shirya. Jarrabawar jiha ce kawai ake tara su wuri ɗaya su rubuta. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 yaran da ke irin wannan karatu na cikakken lokaci sun kusa 300,000 a duk ƙasar, da annobar korona ta zo a 2020 kuma adadin ya hau sosai.

To, ga abin da ba a faɗa a cikin saƙon WhatsApp ɗin nan. Kafin su karɓi yaro, sai an rubuta sunan wani babba a gidan, uwa ko uba ko wani amintacce, wanda zai zauna da shi. Shi ne zai tashe shi, ya buɗe masa darasi, ya duba ya yi aikin, ya rubuta sa'o'in da ya yi. Ga ɗan firamare, su kansu kamfanonin suna cewa wannan babban zai ba da sa'o'i da yawa kowace rana, kusan yini guda. Ashe ke nan malamin gaskiya yana cikin gidan, kuma ba a biyansa albashi. Makarantar kyauta ce ga wanda ke da mutum guda mai ilimin boko da zai ajiye sana'arsa ya zauna. Yanzu mu dubi gidajenmu. Maigida ya fita tun asuba, yana rumfa ko yana Shasha yana jiran motar tumatir. Uwargida tana kan tukunyar abincin sayarwa, ga goyo, ga wanki. Wa zai zauna? Kuma in ta zauna, lissafin aji huɗu na firamare da Turancin Amurka, ita za ta fassara masa?

Su da ke da wuta dare da rana, da intanet mai ƙarfi, da iyaye masu karatu, bari ku ji yadda ta kaya musu. A 2015 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Stanford mai suna CREDO ta bi sawun yaran waɗannan makarantu a jihohi 17. Dabarar da suka yi ta burge mu. Kowane yaron intanet sai su nemo masa tamkar tagwai a makarantar gwamnati ta gini, wato yaro mai shekaru irin nasa, mai hali irin na gidansu, wanda makinsa na bara ya yi daidai da nasa, domin kada a ce ai dama raunana ne ke zuwa can. Bayan shekara sai a auna su biyun. Aka tarar a karatun Turanci ɗan intanet ya yi baya da abin da ya kai kwana 72 na karatu. A lissafi kuwa kwana 180. Jama'a, shekarar karatu gaba ɗayanta a can kwana 180 ce. Wato kamar yaron bai taɓa littafin lissafi ba tun daga farkon shekara har ƙarshenta. A wannan shekara dai wani binciken da aka yi tare da wannan ya nuna cewa lokacin da ɗan intanet ke samu da malami kai tsaye a mako guda bai kai wanda ɗan aji ke samu a rana ɗaya ba. Da cibiyar ta sake aunawa a 2023 an ɗan samu sauƙi, amma giɓin yana nan, kwana 58 a karatu, kwana 124 a lissafi, alhali makarantun shata masu gini sun fito da kyau a wannan awon. Ga kuma batun gamawa. A shekarun da suka gabaci korona, a cikin yara 100 da suka shiga sakandare a Amurka, sama da 80 ke gamawa a kan lokaci, amma a makarantun intanet kusan rabi ne.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka yi zaman gaban malam. Littafi ai tun da can yana nan. Ahalari da Ishmawi da Iziyya ana sayar da su a ƙofar masallaci, kowa na iya saye ya kai gida. Me ya sa ba a taɓa jin wanda ya kulle kansa a ɗaki da su ya fito malami ba? Domin sai ka biya a gaban wani ya ji, ya tsayar da kai inda ka karkace, ya dubi idonka ya gane ka fahimta ko kai kawai kake gyaɗawa. A makarantar allo ma ba a wanke wa yaro allo a yi masa ƙari sai ya kawo hadda. Shekara nawa muna sauraron tafsirin azumi a Rediyon Kaduna? Mun ƙaru ƙwarai, Allah ya saka wa malaman, amma babu wanda rediyo ya ba izinin karantarwa. Babba mai niyya yana iya ɗaukar ilimi daga nesa, shi ya sa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, take amfanar ma'aikata da 'yan kasuwa, har da wasu da ke cikin wannan taro. Yaro ɗan shekara 7 kuwa ba shi da wannan niyya tukuna. Waya ɗaya ce ke ɗauke da darasi da ƙwallo da waƙa, kuma mun san wanda zai zaɓa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce fagenmu. Duk cinikin da aka ce za a biya ka a kan ƙirga, kuma kai ne mai ƙirgawa, to sai mai tsoron Allah. A makarantar gini sufeto na iya shigowa ba zato ya ƙirga kawuna. A ta intanet wane kai zai ƙirga? A Jihar Ohayo akwai wata mai suna ECOT, an buɗe ta a 2000, ta girma har ta shiga cikin mafi girma a ƙasar. Da ma'aikatar ilimi ta jihar ta ce a kawo shaidar sa'o'in da yara suka yi a kan kwamfuta a shekarar 2015 zuwa 2016, makarantar ta karɓi kuɗin yara sama da 15,000, amma abin da aka iya tabbatarwa bai wuce na kimanin 6,300 ba. Mu nan mun san ma'aikatan bogi a takardar albashi, to waɗannan kuma ɗalibai ne a takarda. Aka ce ta mayar da dala miliyan 60, daga baya aka ƙara wasu miliyan 19 na shekarar da ta biyo. Ta garzaya kotu, ba ta yi nasara ba. A watan Janairu na 2018, tsakiyar shekarar karatu, aka rufe ta, yara kusan 12,000 suka wayi gari babu makaranta, iyayensu na yawon neman inda za a karɓe su. A Pensilbaniya ma wanda ya kafa babbar makarantar intanet ta jihar, Nick Trombetta, ya amsa laifin haɗa baki wajen zambar haraji a 2016, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 8 da aka karkatar, aka ɗaure shi wata 20 a 2018. Ba muna cewa duka haka suke ba. Amma a can akwai mai binciken kuɗi da kotu da 'yan jarida, duk da haka sai da aka yi shekaru ana sha kafin a farga. Ina ga wanda zai karɓi kuɗinka ta waya, ba ka san ofishinsa ba?

Adalci ne mu faɗi waɗanda abin ya yi wa rana, domin akwai su. Yaro mai ciwon da ke kwantar da shi wata da watanni, kamar masu sikila. Yaron da 'yan ajinsu suka matsa wa har ya tsani makaranta. Mutanen ƙauye mai nisa. Haka kuma 'yan'uwanmu na can sun gaya mana wasu iyaye Musulmi kan zaɓi wannan hanya na shekara biyu ko uku domin yaro ya samu sararin haddar Alƙur'ani da safe, ya yi boko da yamma. Amma ku lura, inda ya yi kyau za ka tarar akwai babba tsaye a kan yaron, ko dai uwa mai ilimi, ko malamin hadda da ya haɗa su a ɗaki ɗaya yana zagayawa.

Wani kuma ya ce mana ai ta wannan hanya za a iya buɗe Islamiyya gwamnatin Amurka ta riƙa biya. A'a. Makarantar shata a dokarsu ta gwamnati ce, ba a karantar da addini a cikinta. 'Yan Katolika sun gwada a Jihar Oklahoma, suka nemi buɗe ta intanet mai suna St. Isidore, kotun ƙolin jihar ta hana a 2024. Da aka kai kotun ƙoli ta ƙasa, a watan Mayu na 2025 alƙalai suka rabu 4 da 4, hukuncin hanawa ya zauna. In Katolika da ƙarfinsu a can ba su samu ba a wannan karon, kada wani ya zo Sabo ya yi mana romon baka.

Yanzu ga wadda ta fi kowacce muhimmanci, muna roƙon iyayenmu mata na baya su saurara da kyau. Wannan makaranta ta kyauta, ta 'yan jihar ce kaɗai. Kuɗin harajin mutanen Ohayo na yaran da ke zaune a Ohayo ne, sai ka kawo shaidar gidan da kake ciki kafin a rubuta ɗanka. Yaron da ke Kolombos ma ba zai shiga ta Pensilbaniya ba, balle yaron da ke Mokola. Abin da ake iya sayar wa ɗan Nijeriya shi ne reshensu na kuɗi, domin manyan kamfanonin nan suna da makarantu masu zaman kansu na intanet da ake biya da dala. Duk wanda ya ce zai sa ɗanka a ta kyauta in ka ba shi kuɗin fom, to ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma ya sani sarai. Sa'an nan ko ka biya dalar, ka tambayi kanka inda yaron zai dosa. In jami'ar Ibadan ko ta Bayero kake so ya shiga, hanyar da muka sani ita ce WAEC ko NECO, sa'an nan JAMB, kuma manhajar Amurka ba domin waɗannan aka tsara ta ba.

Mu ma ai mun ɗanɗana. Daga watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a ƙasar nan wajen wata shida, gwamnatin Oyo ta sa darussa a rediyo da talabijin, wasu makarantun kuɗi suka koma tura aiki ta waya. Kowa ya tuna gidansa. Wuta ta ɗauke, data ta ƙare, waya ɗaya yara biyar, kuma maigida zai fita da ita kasuwa. Da aka koma aji malamai sun gaya mana yadda suka tarar da yaran, wasu sai da aka koma musu baya. Wasu 'yan matan kuwa ba su koma ba sam, kun san su, mun san su.

Nan ne tsoronmu yake. Mun lura masu yawan tambaya a kan wannan magana, a kan 'ya'ya mata suke tambaya. Yarinya ta gama firamare, uba ba ya son ta riƙa hawa mota zuwa sakandare, sai ga wata hanya da za ta ba shi damar cewa ai tana karatu a gida. Mun fahimci damuwarsa, mu ma iyaye ne, kuma hanya ba ta da daɗi. Amma mu gaya wa juna gaskiya. Yarinyar da ke gida da rana, aike ne da raino da talla, wayar kuma tana kan firji. Bayan shekara uku sai a ce karatun bai karɓe ta ba, a yi mata aure. Gobe matarka na naƙuda a asibitin Adeoyo kana neman ma'aikaciya mai jin Hausa, babu. In hanya ce matsala, mu haɗa kuɗi mu ɗauki shatar mota ta gaske, da dattijuwa a ciki, ta kai su ta dawo da su.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu mazauna nan. Sabo tana nan tun 1916, kakannin wasunmu a nan aka binne su, amma har yau in rigima ta tashi baƙi ake kiranmu. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 ba. A ina ɗanmu ke koyon Yarbanci na sosai, ba na ciniki kawai ba? A ina yake samun abokin da gobe zai zama kansila, ko ɗan sanda, ko lauya, wanda zai ce wannan na san shi, benci ɗaya muka zauna? A aji ne. Yaron da muka rufe a ɗaki da kwamfuta zai tashi bai san kowa ba bayan titin Sabo, su ma ba su san shi ba. Ba'amurken da ke garin kakanninsa yana iya ɗaukar wannan asara. Mu ba ma iyawa.

Kada kuma a tashi daga nan a ce kwamiti ya haramta kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, kuma mun ga yaranmu masu ƙoƙari da suka faɗi domin ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa ta. Darussan da ke intanet na lissafi da kimiyya da Larabci suna da kyau, da yawansu kyauta ne. Shawarar da kwamiti ya kawo ita ce ɗakin nan na saman Islamiyya da babu kowa cikinsa bayan azahar, a gyara shi, a sa sola, a sa kwamfutoci gwargwadon abin da aljihunmu ya iya. Yaro ya je makarantarsa da safe kamar kullum, ya zo nan da yamma kwana uku a mako, ranakun maza daban, na mata daban. Kuma abin da za mu fi kashe wa kuɗi shi ne mutumin da zai zauna a ɗakin, malami ko malama daga cikin 'ya'yanmu da suka gama NCE suna zaune babu aiki, a biya su albashi na mutunci a kan lokaci, su riƙe rajista, duk yaron da bai zo ba a aika gidansu a ji dalili. In kuɗin bai isa a yi duka biyu ba, mun fi son kwamfuta biyar da malami a kan ashirin babu kowa.

Waɗanda suka riga suka ba wani kuɗin fom, kada su ji kunya, su ga sakatare bayan taro da rasit ko saƙon banki, domin a haɗa a kai wa Mai girma Sarki a san matakin ɗauka. Masu 'yan'uwa a Amurka da ke shawarar sa yaransu a irin wannan makaranta, ku gaya musu su nemi sakamakon jarrabawar makarantar a ma'aikatar ilimi ta jiharsu kafin su sa hannu, domin ana bugawa kowa ya gani. Ma'aji da mutum biyu za su fara zagaya rumfuna ranar Asabar da littafin gudummawa, za su fara da layin 'yan canji. Iyaye mata kuma shugabarsu za ta karɓi nasu.

 Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.